Alkama a Hanyar Ruwa

Shekaranjiya da hantsi aka yi ruwa a nan Ka'akiyya, unguwarmu a Makka. Ba wani ruwan a zo a gani ba ne, yayyafi ne da ya ɗan yi ƙarfi, amma sai ka rantse biki ake yi a gidanmu. Jikokina suka watso waje ba takalmi, suna tsalle suna ihu da Larabci, uwarsu na biye da su da rigunan sanyi a hannu. Ni kuwa ina zaune bakin taga da hita a gefen ƙafata. Na haura tamanin, ba ni da gona, ba ni da ko kuyya ɗaya a waje, amma har gobe in sanyi ya shigo kuma na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai in tsinci kaina ina leƙen duwatsun gabas.

Ƙaramarsu, Sumayya, ta dafa gwiwata ta ce, "Jaddi, me kake nema a waje?"

Na ce mata babu komai. Ƙarya na yi wa yarinya, don abin da nake nema ya wuce tun kafin a haifi ubanta.

Ina da shekara goma sha uku a lokacin babban yaƙin Turawa, sa'ad da jiragen ruwa suka ɗauke ƙafa, alhazai suka yi ƙaranci. Garin da abincinsa ke zuwa ta teku, aikinsa kuma ke zuwa tare da baƙi, in an rufe teku ai an rufe masa baki. Mahaifina ya rasu. Innata tana suyar ƙosai a wani lungu a unguwar Misfala, ga wake ya zama sai wane da wane, ga masu saye sun ragu. Wata da watanni ta yi tana sintiri ƙofar wani attajiri da ya gina wa marayu makarantar kwana a ƙauye, har Allah Ya sa aka ba ni gurbi. Ranar da zan tafi ta ɗaure mini riguna biyu a ɗankwalinta, ta ce, "Haruna, can za ka ci, can za ka yi karatu. Kada in ga ƙafarka a lungun nan sai da hutu."

Makarantar tana cikin wani kwari can bayan Arfa, tafiyar yini guda a kan jaki, a gindin duwatsun da ake hawa zuwa Ɗa'ifa. Ɗakunan dutse huɗu ne a kan tudu, da ɗan masallaci, da rijiya, da siton abinci. A ƙasan tudun kuma ga kwarin kansa, shimfiɗaɗɗen yashi mai faɗi, busasshe ƙayau. Mu talatin da 'yan kai ne, takwas daga cikinmu Hausawa. Shugaban makarantar, wanda muke kira Mudir, Balaraben Makka ne, mutumin littafi, ba ya ɗaga murya. Mai koya mana Alƙur'ani kuwa Malam Ɗahiru ne, Basakkwace daga bakin gulbin Rima, dogo mai kaushin hannu. Shekara ɗaya kacal ya yi da isowa ta Sudan. Muna sonsa, muna tsoronsa, kuma mun tabbata babu abin da bai sani ba a duniya.

Mu 'yan Makka da zafi muka saba, ba mu san sanyi ba sai da muka je kwarin nan. Iska ce ke gangarowa daga duwatsu tun asuba, ta bi ta ƙarƙashin ƙofa ta same ka har cikin ƙashi. Alwala ta zama yaƙi. Akwai wanda in ya tsoma yatsa a buta sai ya tuna ashe yana da alwalar jiya, Malam kuma ya tuna masa da bulala cewa barci ya karya ta. Ƙafafunmu suka yi faso, leɓɓanmu suka tsage. Karin kumallo shayi ne ba sukari, da rabin gurasa, da dabino uku.

Da rana ta fito sai karatu ya koma waje. Mu jeru jikin bangon masallaci da allunanmu kamar ƙadangaru, in inuwa ta matso mu matsa. Bayan azahar ranar Litinin da Alhamis mu hau gangaren dutse neman itace, kowa ya dawo da ƙaya a tafin hannu. Da la'asar mu Hausawa mu sauka yashin kwari mu yi langa don jiki ya yi ɗumi, yaran Larabawa suna mana dariya, har suka koya suka fara kayar da mu. In an yi sa'a fara ta sauka, Malam ya tashe mu tun kafin rana ta taɓa ƙasa, lokacin sanyi ya ɗaure mata fiffike, mu yi ta tsinta a jikin ƙaya muna cika riguna. Ranar fara ce kaɗai nake tuna na kwanta cikina bai yi mini ƙara ba.

A farkon sanyin shekarar nan dabino ya koma biyu. Bayan mako guda Mudir ya tara mu a tsakar makaranta, ya ce abin da ke sito ba zai kai mu lokacin da attajirin zai sake aiko da hatsi ba. Dole manya biyu su koma gida, tunda su za su iya neman na kansu. Bai faɗi suna ba, ba ya ma bukata. Duk makarantar babu wanda ya girme ni sai wani Balarabe guda. Fuskar Inna kawai nake gani.

Washegari Malam Ɗahiru ya kira mu takwas ɗin, ya gangara da mu cikin kwari. Ya durƙusa ya tona yashi da hannu, bai kai gwiwar hannu ba sai ga baƙar ƙasa mai danshi. Ya ɗebo ya shinshina, idonsa ya yi haske.

"Ku dubi ikon Allah," ya ce. "Wanga wuri fadama ta, mutane na zaune bisa arziki suna kuka da yunwa! A garinmu in ɗari ya shigo, gulbi ya janye, cikin gulbin muke bi da alkama da albasa. Wata ukku mun yanke. Ba yaron da za shi gida."

Ya je ya roƙi Mudir buhun alkama guda daga sito don iri. Mudir ya daɗe yana murza carbi. Ya san kwarin, amma shekara biyu ke nan ko ɗigo bai sauka ba, ga shi ba ya son korar kowa. Daga ƙarshe ya yarda, da sharaɗi: buhun daga rabon yaran Malam zai fita. In an girbe, kowa ya zauna. In an rasa, huɗu daga cikinmu takwas za su tafi, manya-manyan. Malam ya ce ya ji ya gani.

Ranar da muka fara jan fangali, wato ƙananan gadajen shuka da ake yi wa gaɓa don su riƙe ruwa, sai ga Ammu Salim, wani tsohon makiyayi da ke kiwon awaki kusa da mu. Ya tsaya yana kallonmu, sannan ya kama hannun Malam ya kai shi gindin wata bishiyar ƙaya a tsakiyar kwarin. Ya nuna masa busasshiyar ciyawa da karmami da suka maƙale a reshe, sama da kan mutum.

"Ya shaihu," in ji shi, "wa kake jin ya rataye wannan? Sail ne." Sail shi ne sunan da suke kiran ambaliyar da ke gangarowa daga duwatsu. "Kwarin nan hanyarsa ce. Ka hau tudu ka shuka, ko da kaɗan ne."

Malam ya yi murmushi. Ya ce shi ma gulbinsu haka yake yi da damina, har bisa itace, amma yanzu ɗari ake, kuma tudun duk tsakuwa ne, ruwa na nesa. Sai ya juyo wurina ya koma Hausa.

"Haruna, kai nan anka haife ka. Hwaɗa min gaskiya, ka taɓa ganin gulbi ya kawo da ɗari?"

Na taɓa gani mana. Ina ɗan shekara shida, da tsakar sanyi, ruwa ya shigo Misfala, don ita ce gangaren gari, duk abin da duwatsun Makka suka zubar can yake taruwa. Inna ta saɓa ni a wuya ta hau dutse, muna kallo ɗakinmu na zana ya tashi ya bi ruwa da tukwanenmu. A ƙasar nan babu damina irin wadda Malam ya sani, sanyin shi ne lokacin ruwa. Duk wannan yana bakina.

Amma an tarbiyyantar da mu cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ina ni ina ƙaryata Malam a gaban Balarabe? Wannan shi ne dalilin da na daɗe ina gaya wa kaina. Akwai na biyu, wanda sai da na tsufa na iya furta shi: in ba a shuka ba, ni ne mai tafiya tabbas. In an shuka, ƙila in tsira. Na sunkuyar da kai na ce, "Malam ya fi ni sani."

Ammu Salim bai ji Hausa ba, amma ya dube ni wani irin kallo, ya kaɗa awakinsa ya wuce.

Aiki kuwa mun yi shi. Muka haƙa ƙananan rijiyoyi uku a cikin yashin, Malam ya kafa jigo a kan kowace, doguwar sanda da dutse ɗaure a gindi da guga a baki, ka danna ta sauka, ka saki ta taso da ruwa. Larabawa suka riƙa zuwa kallo. Da an sallame mu daga karatun safe sai kwari, biyu-biyu a kan jigo, saura na buɗe wa ruwa hanya daga fangali zuwa fangali da ƙafa cikin taɓo mai sanyin ƙanƙara. Abokin jigona Isiyaku ne, ɗan shekara goma sha biyu, mai bakin waƙa, ba ya danna sanda sai da kirari. Hannuwanmu suka yi kanta, kafaɗunmu suka yi tsami, yunwa ta ninka, don mai jan jigo da rabin gurasa ba ya jin ya ci komai.

Kwana bakwai alkama ta huda ƙasa. Cikin wata guda kwarin ya yi kore shar, abin da ko Ammu Salim sai da ya tsaya ya ce masha Allah. Mudir da kansa ya fara saukowa bayan la'asar yana taka gaɓar fangali a hankali, yana ɗage rigarsa. Yara suka koma lissafin irin gurasar da za su ci. Isiyaku ya ce shi ranar girbi guda biyar zai ci ba shayi.

Kowa na murna, ni ina ramewa. Kowace safiya kafin in yi salati na riga na dubi duwatsun gabas. In na ga ɗan gajimare ko kamar tafin hannu ne, yinin nan karatu ba ya shiga. Na yi wata biyu a kan shafi uku, har Malam ya fara zargin ko aljanu ne. Langa na daina, don ba na son in juya wa gabas baya. Wata rana hadari ya haɗu baƙi ƙirin tun hantsi, na yini ina leƙen sama, zuwa la'asar iska ta watsa shi ko ɗigo bai sauka ba. Na yi hamdala, na kuma ji haushin kaina, don na san gobe ma haka zan yi.

Sau ɗaya na yunƙura. Muna gyara bakin rijiya ni da Malam, ya ce, "Ɗana, mi ad damuwarka? Kullum idonka na bisa."

Na ce, "Malam, dama... a nan wani lokaci akan yi ruwa da sanyi."

Ya yi dariya ya dafa kaina. "To ai sai mu gode Allah, jigo ya huta. Yayyahi ba shi kashe alkama."

Na buɗe baki in ce ba yayyafi nake nufi ba. Sai na dubi koren nan da ya kai mini gwiwa, na ga ko na faɗa yanzu ba a tsige alkama a mayar da ita tudu. Na ce, "Haka ne, Malam." Na ci gaba da kwasar yashi.

Ranar da abin ya faru alkama ta fara fitar da kai, saura bai fi wata guda a yanka ba. Sama a kanmu tas take, rana na haskawa, sanyi ya ɗan sassauta. Can kan duwatsun Ɗa'ifa ne kawai aka yi duhu tun safe, ana walƙiya ba a jin tsawa. Bayan la'asar muna cikin kwari mu takwas da Malam. Na hango Ammu Salim yana kora awakinsa tudu da gudu, tsohon da ban taɓa ganin ya yi sauri ba, yana ɗaga mana sanda. Sai wata iska ta buso mai warin taɓo. Bayanta na ji ƙara daga nesa, kamar mata ɗari suna niƙa a dutse lokaci guda.

A nan bakina ya buɗe. "Sail! Malam, sail! Ku hau tudu!"

Na fizgi Isiyaku daga jigo muka zura. Malam ya ɗan tsaya yana duban sama, yana neman hadarin da babu shi, sannan ya ga abin da ya karyo kwanar kwarin. Ya suri ƙananan biyu, ɗaya a kowace hammata, ya biyo mu. Da ƙyar ƙafarsa ta bar yashi ruwan ya iso.

Ban ma ga ruwa da farko ba, itace na gani da duwatsu da kumfa ja suna tafe kamar bango. Jigon farko ya kwanta, na biyu ya bi shi, na uku ya ɗan yi gardama sannan ya tafi. Koren nan da muka yi wata biyu muna shayarwa da guga ya shuɗe kafin mutum ya karanta Fatiha. Rana kuwa tana nan tana haska ruwan, ko ɗigo ɗaya bai taɓa kanmu ba. Malam ya ƙirga mu har sau biyu, ya ga mun cika takwas, ya zauna a kan dutse yana salati. Babu yaron da ya yi kuka sai Isiyaku, shi ma a hankali.

Da safe ruwa ya wuce, ya bar taɓo da duwatsu, ko alamar fangali babu. Mudir bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Bayan kwana biyu ya kira sunaye huɗu a tsakar makaranta, murya ƙasa-ƙasa. Nawa ne na farko, na Isiyaku na uku. Da ba a shuka ba, Isiyaku da sauran biyun ba inda za su je, wannan ma na sani.

Mudir ya ba da jaki a kai mu. Malam ya ce shi zai kai mu da kansa, muka ɗora ƙunshinmu a kan jakin, shi ya taka da ƙafa tun daga kwarin har Makka. Da muka shiga gari ya bi gida-gida. A kowace ƙofa ya cire takalmi ya durƙusa, ya ce wa mutanen gidan shi ya jawo, a yafe masa. Gidanmu ne na ƙarshe.

Mun sami Inna a bakin kaskonta da yamma, 'yan ƙosai ba su fi goma ba a faranti. Ta ga ƙunshina a hannuna, ta gane kafin kowa ya yi magana. Malam ya durƙusa a cikin tokar murhunta, mutumin da ya haddace Alƙur'ani, ya ba ta labari tun daga buhu har jigo, bai rage komai ba.

"Rashin sanina ya kore mai karatu, Inna. Na ɗauka ƙasa duk ɗaya ta. Ki gahwarce ni."

Inna ta ce, "Haba Malam, tashi don Allah, kada ka sa ni zunubi. Kai baƙo ne, ina za ka san ruwan ƙasar nan?" Ta zuba masa ƙosai biyar a takarda, ta matsa masa sai da ya karɓa. Sannan ta juyo ta dube ni.

"Malam baƙo ne. Kai fa, Haruna? Ba ka gaya masa ba?"

Malam ya yi sauri ya ce, "Yaro na, Inna, mi ya sani?"

Ba ta ko kalle shi ba, ni take kallo. Na dubi ƙasa. Ta jira, ta jira, man kasko yana ƙonewa. Da ta ga haka sai ta miƙo mini sauran biyar ɗin, ta sauke kaskon, ranar ita ba ta ci komai ba.

Ba ta sake yi mini tambayar ba har ta koma ga Allah, ni kuma ban taɓa ba ta amsa ba. Washegari da sassafe ta aro mini sanda da garwa biyu a wurin maƙwabci, na bi sahun masu ɗebo ruwa.